Garuruwan Mafaka na Banu Isra'ila

Waɗansu mutum biyu, maƙwabtan juna, suka saɓi gatura suka tafi daji saran itace. Babu gaba tsakaninsu, ko sa-in-sa ba su taɓa yi ba. Ɗayansu ya ɗaga gatari zai sari gindin itace, sai ruwan gatarin ya kwaɓe daga ƙota, ya yi tsalle ya sami abokin tafiyarsa a ka. Kafin ya yar da ƙotar ya isa kansa, rai ya yi halinsa. To, ga gawa kwance, ga mai gatari tsaye jikinsa na rawa. Can gida kuwa mamacin yana da 'yan'uwa maza, waɗanda ba su ga yadda abin ya auku ba, kuma ba lalle ne su tsaya jin bayani ba.

Wannan shi ne misalin da Attaura ta kawo sa'ad da take shimfiɗa wa Banu Isra'ila hukuncin kisan kuskure, yana cikin littafi na biyar, wanda ake kira Kubawar Shari'a, sura ta 19. Abin da ta umurci mai gatarin nan ya yi kuwa shi ne ya gudu. Kada ya koma gida, kada ya tsaya neman mai roƙa masa gafara, ya miƙe hanya sai ɗaya daga cikin waɗansu garuruwa shida da aka keɓe musamman domin irinsa. Su ne ake kira garuruwan mafaka, da Ibrananci kuwa sunan mafakar miklat.

Ba a gane dalilin wannan gudu sai an san yadda zaman mutanen yake a wancan zamani. Banu Isra'ila kabilu goma sha biyu ne, kowace kabila ta kasu dangi dangi. Babu 'yan doka, babu gidan yari irin na yanzu, sarki ma ba su yi ba sai daga baya. Abin da ke tsare ran talaka shi ne kowa ya san yana da dangi. A kowane gida akwai wanda nauyin 'yan'uwansa ke wuyansa, ana kiransa go'el, watau mai fansa. In talauci ya sa mutum ya sayar da gonar gado, shi zai fanso ta. In mutum ya sayar da kansa bauta saboda bashi, shi zai fanshe shi. In kuwa aka kashe mutum, shi ne zai bi jininsa, ya nemi wanda ya yi kisan ya kashe. Ba a ɗaukar wannan ta'adi, wajibi ne a kansa, wanda ya ƙi yi ya ci amanar gidansu.

Al'adar tana da amfaninta, domin tsoron mai bin jini ya hana mugaye da yawa ɗaga hannu. Amma tana da aibi babba. Zuciyar wanda aka kashe wa ɗan'uwa ba ta rarrabe tsakanin ganganci da tsautsayi. Shi dai ya ga gawa, ya ji sunan wanda ya yi. In ya kashe mai gatarin nan, dangin mai gatari su ma za su ce an zub da jininsu a banza, su tashi ramuwa, haka gaba za ta yi ta bin gidajen biyu har jikoki, alhali asalinta ƙotar gatari ce da ta saki.

Sauran al'ummai ma sun gamu da wannan matsala, kowa da yadda ya ɓullo mata. Hammurabi, Sarkin Babila, wanda ya yi mulki wajen shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa a dokokinsa cewa wanda ya bugi wani garin faɗa har ya mutu, in ya rantse ba da nufi ya yi ba, sai ya biya azurfa. Mutanen Atina ta ƙasar Girka, bisa dokar Darako ta shekarar 621 kafin haihuwar Annabi Isa, korar mai kisan kuskure suke yi daga ƙasa har dangin mamaci su yafe. Shari'ar Musulunci kuma, kamar yadda aka sani, ta sa diyya da kaffara. Attaura ta bi wata hanya dabam. Ta hana karɓar fansar dukiya a kan ran wanda ya yi kisan gilla, ta kuma hana wanda ya yi kisan kuskure ya ba da dukiya domin a rage masa zaman mafaka. A ganinta jinin da aka zubar ƙazantar da ƙasa yake yi, kuma ƙasar ba ta dangin mamaci kaɗai ba ce balle su sayar da hakkin. Da an yarda da kuɗi, da mawadaci ya biya ya koma gida ran nan, matalauci ne kaɗai zai ɗanɗana hukunci.

Mafaka ta farko da aka sani ita ce bagade, watau wurin da ake miƙa hadaya. Yana da ƙahoni huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, wanda ya ji tsoron ransa sai ya sheƙa ya kama ƙaho, ba mai taɓa shi a nan saboda alfarmar wurin. Amma tun a littafi na biyu na Attaura, watau Fitowa, sura ta 21, an yanke cewa wannan alfarma ba ta rufe wanda ya yi wa ɗan'uwansa makirci ya kashe shi. Shi ko a jikin bagade aka same shi, a janye shi a kashe.

Akwai labari cikin littattafan tarihin Banu Isra'ila da ke nuna al'adar bin jini da kuma iyakar alfarmar bagade. Bayan mutuwar Sarki Ɗalutu, wanda Yahudawa ke kira Sha'ul, aka yi yaƙin basasa tsakanin gidansa da jama'ar Annabi Dawuda. Sarkin yaƙin gidan Ɗalutu sunansa Abner, na Annabi Dawuda kuwa Yowab. Ran nan aka gwabza a Gibeyon, mutanen Abner suka karye. Ƙanen Yowab, wani saurayi mai tsananin gudu wai shi Asahel, ya sa Abner gaba. Har sau biyu Abner yana waiwayowa yana roƙonsa ya rabu da shi, domin ba ya son jininsa ya shiga tsakaninsa da Yowab. Yaron ya ƙi. Sai Abner ya soke shi da gindin mashi, ya faɗi matacce. Bayan an jima Abner ya zo Hebron da mutum 20 ya yi sulhu da Annabi Dawuda, aka yi masa liyafa, aka sallame shi lafiya. Da Yowab ya komo daga hari ya ji, sai ya aika a ɓoye aka komo da shi, ya ja shi gefe a ƙofar gari kamar zai gaya masa asiri, ya soke shi a ciki. Annabi Dawuda ya barranta daga wannan jini, ya bi makarar Abner yana kuka, ya ƙi cin abinci har faɗuwar rana. Abin lura, Hebron ɗin nan tana cikin garuruwan mafaka shida, a bakin ƙofarta aka yi wannan aika-aika.

Shekaru suka wuce, Yowab ya tsufa, Annabi Sulaimanu ya hau gadon sarauta. Yowab ya riga ya goyi bayan wani ɗan sarkin, Adoniya, saboda haka da ya ga abin ya juya sai ya gudu ya kama ƙahonin bagade. Aka aiki Benaya ya ce masa ya fito, ya ce a nan zai mutu. A nan ɗin kuwa aka kashe shi, aka ce saboda jinin Abner ne da na wani sarkin yaƙi, Amasa, waɗanda ya kashe lokacin zaman lafiya.

Mutum ba ya iya zama shekara da shekaru riƙe da ƙahon bagade. Yana bukatar ɗaki, da abinci, da sana'a. Wannan ne ya sa gari ya fi. Bisa ga Attaura, Annabi Musa da kansa ya keɓe uku a gabashin Kogin Urdun tun jama'a ba su ƙetare ba: Bezer a cikin jeji, ƙasar kabilar Ra'ubainu, da Ramot ta Gileyad a ƙasar Gad, da Golan ta Bashan a ƙasar Manassa. Yusha'u, wanda ya gaje shi, ya keɓe sauran ukun a yamma: Kedesh can arewa a duwatsun Galili, da Shekem a tsakiya, da Hebron a kudu. Hebron ita ce Larabawa ke kira Halil, kimanin mil 20 kudu da Ƙudus. Kufan Shekem yana gefen birnin Nabulus, na Kedesh kuwa dab da iyakar Lubnan. Wanda ya dubi taswira zai ga an jera su daga arewa zuwa kudu a kowane ƙetare, yadda ko'ina tsautsayi ya sami mutum, tafiyar yini ɗaya ko biyu za ta kai shi. Kuma ba domin 'yan ƙasa kaɗai aka yi su ba, har baƙo da ke zaune cikinsu an ce yana da hakkin shiga.

Duk shidan garuruwan Lawiyawa ne, watau kabilar da aka keɓe domin hidimar ibada da karantar da shari'a. Su ba a ba su yankin ƙasa ba, sai garuruwa 48 warwatse cikin sauran kabilu. Akwai hikima a nan, domin da an kai mai kisa garin wata kabila mai ƙasa da mayaƙa, da sai a ce sun ɗaure masa gindi, gaba ta koma ta kabila da kabila. Lawiyawa kuwa ba su da gefe. Daga baya malamai suka ce sauran garuruwa 42 ɗin ma suna ba da mafaka, sai dai a cikinsu mai gudu biyan kuɗin haya yake yi, a cikin shidan kuwa kyauta yake zama. Wani malami mai suna Abaye, da aka yi mamakin yadda kabila biyu da rabi na gabas suka sami garuruwa uku daidai da kabilu tara da rabi na yamma, sai ya ce ai masu kisa sun fi yawa ne a Gileyad.

Yawancin abin da aka sani na ƙananan ƙa'idodin wannan doka daga littattafan malaman Yahudawa na baya ya fito. Akwai Mishna, wadda Rabbi Yahuda Hanasi ya harhaɗa a Galili wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, da Talmud, watau sharhinta, wanda aka kammala a ƙasar Iraƙi wajen ƙarni na shida. Sashen da ya yi magana a kan wannan sunansa Makkot. Sa'an nan Musa ɗan Maimun, mutumin Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya yi likitanci a Masar ya rasu a can cikin 1204, ya tsara su babi babi.

Abin da suka fara kula da shi hanya ce. Suka ce wajibi ne hukuma ta gyara hanyoyin da suka nufi garuruwan nan, a share duwatsu, a cike kwari, a sa gada a kan rafi, kada a bar abin da zai tsai da mai gudu. Faɗin hanyar kamu 32, watau wajen yadi 16, ninki biyu na babbar hanyar jama'a. Kowace shekara ran 15 ga watan Adar, lokacin da ruwan hunturu ke ɗaukewa a ƙasar, sai a aika ma'aikata su duba su gyara. A kowace mararraba kuma a kafa alama a rubuta kalmar miklat, domin kada mutum ya tsaya tambayar hanya. Mai tambayar hanyar garin mafaka ai ya riga ya tona kansa, kuma bai san ko wanda ya tambaya dangin mamaci ba ne.

In ya isa, sai ya tsaya a ƙofar gari ya gaya wa dattawa abin da ya faru, su shigar da shi su ba shi masauki. Amma shigarsa ba ita ce ƙarshen magana ba. Da mai ganganci da mai kuskure duk gudu suke yi zuwa can, saboda haka sai majalisar alƙalai ta garin da aka yi kisan ta aika a zo da shi cikin tsaro. Shari'ar rai alƙalai 23 ke zama a kanta, kuma ba a kashe mutum da shaidar mutum ɗaya, sai biyu. Za a duba abin da ya yi kisan da shi, ko ƙarfe ne, ko dutsen da ya isa kisa, ko sanda. Za a bincika ko ya yi kwanto, ko akwai tsohuwar ƙiyayya. Malamai har sun sa wa ƙiyayya ma'auni, suka ce wanda ya yi kwana uku ba ya magana da mutum saboda fushi, maƙiyinsa ne. In ta tabbata ganganci ne, a kashe shi, gari ba ya cetonsa. In ta tabbata ba shi da laifi ko kaɗan, a sake shi. In kuwa kuskure ne, a mai da shi garin mafaka, a haɗa shi da malamai biyu su raka shi, domin in sun gamu da mai bin jini a hanya su ba shi magana su sanyaya masa zuciya.

A nan ne babban aikin dokar yake. Ba ta soke mai bin jini ba, domin al'adar ta yi ƙarfin da ba ta sokuwa da rana ɗaya. Abin da ta yi shi ne ta sa ganuwa da alƙalai tsakaninsa da wanda yake nema, ta karɓe hukunci daga hannun mai fushi ta ba waɗanda za su zauna su ji shaida.

Wurin da malaman suka fi daɗewa suna muhawara shi ne gane mene ne kuskure. Musa ɗan Maimun ya taƙaita maganarsu ya ce wanda ya kashe ba da nufi ba iri uku ne. Akwai wanda abin ya zo masa ta hanyar da ba mai hankalin da zai zata, wannan ba ya zuwa ko'ina, kuma in mai bin jini ya taɓa shi, shi ma kashe shi za a yi. Akwai wanda sakacinsa ya yi yawa har ya kusa zama ganganci, kamar wanda ya jefa dutse cikin hanyar da mutane ke wucewa, ko ya rushe katangarsa ta faɗa kan titi. Wannan ba a yanke masa hukuncin kisa, amma garin mafaka ba ya karɓarsa, domin laifinsa ya fi ƙarfin wannan kaffara, sai ya yi ta zaman ɗar-ɗar muddin ransa. Na tsakiya shi ne mutumin garin mafaka: bai yi nufi ba, amma da ya ƙara kula kaɗan da ba a mutu ba. Mai gatarin nan da ya duba ƙotarsa kafin ya fita, da maƙwabcinsa ya kwana gida.

Misalan da suka kawo duk na aikin yau da kullum ne. Mutum yana kan soro yana mirgina dutsen daɓe, ya kuɓuce masa ya faɗa kan wani. Mutum yana saukar da tulu da igiya daga bene, ko yana saukowa daga tsani ya zame ya faɗa kan na ƙasa. Duk waɗannan sai gudun mafaka. Amma in yana jawo tulun sama ne igiya ta tsinke, ko yana hawan tsanin ne ya faɗo, ba ya tafiya. Mai karatu zai ce ina bambancin, tun da mamaci dai ya mutu? Amsarsu ita ce mai saukar da kaya ya san nauyi ƙasa ya nufa, wajibinsa ne ya duba wanda ke ƙarƙashi, mai jawowa sama kuwa ɓarna ba ta cika zuwa ta wannan hanya ba. Ana iya gardamar wannan rarrabewa, amma ta nuna abin da suke nema, watau gwargwadon kular da ta wajaba a kan mutum cikin aikinsa. Har makaho sun yi saɓani a kansa: Rabbi Me'ir ya ce yana tafiya, Rabbi Yahuda ya ce ba ya tafiya. Wannan kula ita ce kuma ta sa Attaura ta wajabta wa mai gina sabon gida ya ja wa rufinsa rawani, kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan.

Zaman garin mafaka ba zaman kurkuku ba ne, ba kuma zaman 'yanci ba ne. Malamai suka ce tun da an kai mutum can domin ya rayu ne, sai a ba shi abin da rayuwa ke bukata. Garin kada ya zama ƙauye, kada kuma ya zama babban birni, sai matsakaici. Ya kasance da ruwa, in babu a jawo masa. Ya kasance da kasuwa inda baƙo zai sami abin yi. Ba a kafa tarko a cikinsa, ba a tufkar igiya, waɗansu ma suka hana sayar da makamai, domin kada irin wannan ciniki ya riƙa jawo baƙi, mai bin jini ya saje cikinsu. In almajiri ne aka kai, malaminsa ya bi shi, domin a ganinsu ran mai neman ilmi ba ya cika in babu karatu. In malami ne, makarantarsa ta tashi ta bi shi. In mutanen gari suka so su girmama shi, wajibi ne ya gaya musu shi mai kisa ne, in sun ce sun ji sun gani, sa'an nan ya karɓa.

Amma fita babu. Garin da filin da ke kewaye da shi, nan ne iyakarsa. Ba ya fita ba da shaida, ko ta dukiya ko ta rai. Mishna ta ce ko da jama'a duka suna bukatarsa, ko da sarkin yaƙi ne kamar Yowab, ba ya fita. In ya ƙetare iyaka da gangan mai bin jini ya same shi ya kashe, babu jini a kansa. Rabbi Yose mutumin Galili ya ce kashe shi a nan wajibi ne a kan mai bin jini, Rabbi Akiba ya ce a'a, izini ne kurum. Har itacen da gindinsa ke cikin iyaka rassansa na waje sai da suka yi magana a kansa. Gonarsa tana can wani na nomawa ko ta zama saura, iyayensa su tsufa su mutu bai halarci jana'iza ba. In shi ya mutu a can, a can za a binne shi.

Ranar fitarsa ita ce abin da ya fi ba mutane mamaki cikin dokar duka. Ba a yanka masa shekaru ba. An ce ya zauna sai ran da Babban Limami ya mutu, watau shugaban masu hidimar Haikali daga zuriyar Annabi Haruna. Ran nan duk waɗanda ke garuruwan mafaka sai su koma gidajensu, mai bin jini ba shi da sauran iko a kansu. Wanda ya riga ya mutu kuwa a tone ƙasusuwansa a kai makabartar kakanninsa. Saboda haka mutum biyu masu laifi iri ɗaya, wani ya yi wata guda, wani ya yi shekara talatin. In an yanke wa mutum hukunci Babban Limami ya mutu kafin ya kama hanya, ba ya tafiya ko kaɗan. In kuwa an yanke lokacin da babu kowa a kan muƙamin, ba ya fita har abada. Ba shakka wannan ba ma'aunin adalci ba ne irin wanda alƙali ke aunawa, kuma malaman ba su ɓoye cewa yana bukatar bayani ba.

Talmud ya ce mutuwar Babban Limami kaffara ce, rai ne ya tafi a madadin rai ba tare da an zub da wani jini ba. Ya kuma ɗora masa wani abu na alhaki, cewa da ya yi wa mutanen zamaninsa addu'a yadda ya kamata da irin wannan tsautsayi bai auku ba. Musa ɗan Maimun, cikin littafinsa na Larabci mai suna Dalalatul Ha'irina, ya kawo dalili na halin ɗan Adam. Ya ce in mutumin da ya fi kowa daraja da farin jini ya mutu, ƙasa duka ta shiga makoki, wanda ke riƙe da baƙin cikin ɗan'uwansa sai ya ga rashi ya game kowa, zuciyarsa ta huce. Mishna kuma ta adana wani ɗan labari mai ban tausayi da ban dariya gaba ɗaya. Ta ce uwayen Manyan Limamai su kan aika wa mazauna garuruwan mafaka da abinci da tufafi, domin kada su riƙa roƙon Allah ya kashe musu 'ya'ya.

Ko bayan ya koma gida, malamai ba su daidaita a kan matsayinsa ba. Rabbi Me'ir ya ce in yana da sarauta ko muƙami da, a mayar masa. Rabbi Yahuda ya ce ba a mayarwa, wanda rai ya salwanta ta hannunsa ba ya komawa kamar yadda yake.

Littattafan tarihin sarakunan Banu Isra'ila ba su ba da labarin ko mutum ɗaya da ya gudu zuwa garuruwan nan aka yi masa shari'a ba. Wannan ya sa masu binciken tarihi na zamani da yawa suke ganin tsarin ya ƙarfafa ne a zamanin Sarki Yosiya, wanda wajen shekarar 622 kafin haihuwar Annabi Isa ya rushe wuraren hadaya na ƙauyuka ya tattara ibada a Ƙudus. Da bagadan nan suka tafi, sai aka bukaci abin da zai maye gurbinsu ga mai gudu. Malaman addinin Yahudawa kuwa suna kan cewa tun zamanin Annabi Musa da Yusha'u aka kafa shi. Abin da ba gardama a kansa shi ne garuruwan sun yi ta fita daga hannu. Ramot ta zama fagen yaƙi tsakanin Isra'ila da Suriya, a can aka harbi Sarki Ahab. Wani dutse mai rubutu da aka samu a Diban ta ƙasar Urdun cikin 1868, wanda yanzu yake gidan kayan tarihi na Luba a birnin Faris, yana ɗauke da maganar Mesha Sarkin Mowab, yana cewa shi ya sake gina Bezer bayan ta zama kufai. Assuriyawa suka ci Kedesh da Gileyad wajen 732, Babilawa suka ƙone Haikali cikin 586, Rumawa kuma suka rushe na biyun a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa.

Ke nan sa'ad da malaman Mishna ke muhawara a kan tulu da tsani da rassan itace, babu Haikali, babu Babban Limami, babu ikon yanke hukuncin rai a hannunsu. Duk da haka ba su bar karatun babin ba, har yau ana karanta shi a makarantunsu. Wani ɓangare na hukuncin ma ya wanzu ta wata hanya. A majami'un Yahudawa zuriyar Annabi Haruna su ke ɗaga hannuwa su sa wa jama'a albarka. Littafin fiƙihunsu mai suna Shulhan Aruk, wanda aka fara bugawa a Banis ta ƙasar Italiya cikin 1565, ya ce wanda ya kashe rai daga cikinsu, ko da kuskure ne, ba ya ɗaga hannu, ko da yake waɗansu malamai sun sassauta wa wanda ya tuba. Da motoci suka yawaita sai tambayar ta komo sabuwa, direbobi daga wannan zuriya waɗanda suka kaɗe mutum suka riƙa zuwa wurin malamai neman fatawa. Malaman kuwa su kan koma ga rabe-raben nan uku, su tambayi direba irin gudun da yake yi, da lafiyar birkinsa, da ko mamacin ne ya faɗo masa kan hanya ba zato.